Zariya: garin da ke yaye ma'aikata amma ba ya ɗaukar su (zare)

1/ Zariya da Sabon Gari a haɗe, ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan 700,000. A wannan ɗan wurin akwai ABU, tsohuwar FCE, Nuhu Bamalli, kwalejin tuƙin jirgin sama ta Palladan, barikin horar da kuratan soja, cibiyar fata ta Samaru, asibitin koyarwa na Shika. Amma ɗauki takardunka ka fita neman aiki a garin ka gani. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ni haifaffen garin ne, a nan na yi karatu. Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: ta yaya garin da ake wa kirari da ilimi ya zama wurin da mai digiri na biyu ke rububin koyarwa a firamare mai zaman kanta, kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata?

3/ Amsa biyu aka saba ji. Dattawa su ce yaran yanzu ragwaye ne. Mu kuma mu ce sai kana da uwa a gindin murhu. Ta farko ban ma tsaya mata ba. Ta biyu gaskiya ce, amma ai a Kano ma ana alfarma, a Legas ma ana yi, kuma duk da haka mutum na samun inda zai raɓa.

4/ Abin da nake gani shi ne: tun zamanin Turawa aka tsara Zariya ta riƙa dafa ma'aikata, a kwashe a kai wani gari a ci. Kasuwar aikin cikin garin ba ta taɓa yin faɗi ba. Abin da ya ɓoye haka shekara da shekaru shi ne ƙofar fita a buɗe take. Mu koma baya mu bi abin daki-daki.

5/ Kafin Turawa, babu wani abu wai shi "neman aiki" yadda muka san shi yau. Sana'a ake gada. Gidan maɗinka ka tashi da allura, gidan marina ka tashi hannu shuɗi, gidan malamai ka tashi da allo. Ɗinkin babbar riga na birnin Zazzau har gobe ana ji da shi. Magina kuwa, Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na birni ya isa shaida.

6/ Kar kuma a ɗauka ina cewa aljanna ce. Babban kaso na aikin gona a ƙasar Zazzau bayi ne ke yin sa a rinjoji. Ba a rasa aikin yi ba, amma ba kowa ne ke da zaɓin aikin da zai yi ba, kuma ba kowa ke cin guminsa ba. A ajiye wannan a gefe, zancen wata rana ne.

7/ 1902 Turawa suka sauka Zariya. Aikin kuɗi na farko da talakawa suka sani da yawa shi ne aikin diga, wato shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano. Ba intabiyu, ba takarda. Hakimi ake ba adadi, ya ba dagatai, su kuma su tattaro mutane ko suna so ko ba sa so. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi har waƙa ya rubuta a kan lamarin, Waƙar Diga.

8/ Ku lura da wannan: a lokacin aiki ne ke farautar mutum, mutum na gudu. An ɗora haraji da kuɗin Bature, dole ka nemo sulallan, amma jama'a sun fi son su noma gyaɗa ko auduga su biya da su je su yi lebura.

9/ 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano. Sai garin ya zama mahaɗa. Ƙaramin layi ya tashi daga nan zuwa Jos da Bukuru wajen haƙar kuza, ya isa a 1914. Wani ya nufi Funtuwa da Gusau, ya kai Kaura Namoda a 1929. Ga gidan gurzar auduga na kamfanin BCGA, ga kantunan Turawa. Sunan PZ da kuke kira kullum, sunan kamfani ne, Paterson Zochonis.

10/ To su wa suka samu aikin? Akawu, mai buga waya, tafinta, direban jirgi, makaniki: mafi yawansu daga Kudu suka zo, wasu daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu, don su suka riga shiga boko. Don su aka yanka Sabon Gari. Ɗan birni yana cikin ganuwa, albashi yana bayan ganuwa, kogin Kubanni a tsakani.

11/ Wato tun ranar farko, kasuwar aikin albashi a Zariya kasuwar gasa ce da mutanen da suka zo daga ko'ina. Ba yau aka fara ba. Ɗan gari abin da ya fi samu shi ne aikin En'e: malamin haraji, malamin daji, dogari, magatakardan alkali. Wannan kuwa guraben ƙidayayyu ne, kuma sai wanda fada ta sani.

12/ Yanzu ga babban abin da ya yanke wa garin hukunci. Da Lugga ya so ya bar Zungeru, bai zaɓi Zariya ba, bai zaɓi Kano ba. Fili ya nema a bakin kogi inda babu babban sarki kusa da zai raba masa iko, aka kafa Kaduna, hedikwatar Arewa ta koma can a 1917. Kilomita 80 kacal daga nan, kuma a cikin ƙasar Zazzau.

13/ Daga ranar, duk wani ofishi mai cin ma'aikata da yawa Kaduna ya nufa: sakatariya, majalisa, baitulmali, hedikwatar 'yan sanda. Zariya aka bar mata ofishin Razdan na lardi. Sai kuma me? Makarantu. Ku biyo lissafin nan a hankali.

14/ 1922, gonar binciken noma a Samaru. 1924, barikin horar da kurata. Farkon shekarun 1930, Hukumar Fassara da ta zama Hukumar Talifi. 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam edita. 1945, Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Ƙarshen shekarun 1940, makarantar horar da akawuna a Kongo, wadda ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954.

15/ 1949 aka dawo da Kwalejin Kaduna nan, ita ce ta zama Barewa a 1971. 1954, makarantar yara ta soja. 1962, ABU da kwalejin horar da manyan malamai. 1964, makarantar jirgin sama. In ka cire Gaskiya da gonar Samaru, duk sauran aikinsu ɗaya ne: a kawo yaro, a gyara shi, a tura shi wani wuri.

16/ Kurtu ya gama watanninsa a bariki, bataliya ce za ta ɗauke shi, ba a Zariya ba. Akawu ya gama Kongo, ya koma En'e ɗin da ta turo shi, Adamawa ko Sakkwato. Matuƙin jirgi ya gama Palladan, sai Legas ko Kano, don filin jirginmu na koyo ne. Gowon a Wusasa ya tashi, a Barewa ya yi karatu, a Legas ya yi mulki.

17/ Har masu zane ma haka. Ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Demas Nwoko, duniya da sunan Zariya ta san su. Duk a Kudu suka je suka ci abinci da sana'ar.

18/ Masana'anta fa? An yi, amma kaɗan. Babbar cikinsu kamfanin taba ne na NTC da ya buɗe a 1959, wanda ya rayar da manoman taba a ƙauyukan kewaye. Daga baya aka samu masaƙar tamfol, kamfanin mitar lantarki, matsar mai, kamfanin iri. A kwatanta da Kaduna: KTL 1957, UNTL 1964, Arewa Textiles, sannan Peugeot 1975, matatar mai 1980. Ko masana'antar ma Kaduna ta kwashe.

19/ Audugar lardin Zazzau a nan ake gurje ta, amma a Kaduna ake saƙa ta. Gurza aikin kaka ne, wata uku ko huɗu an sallami leburori. Saƙa aikin shekara ne, dare da rana, mutum dubbai. Kun ga inda ribar aikin ta tafi.

20/ To me ya sa iyayenmu da kakanninmu ba su ji a jikinsu ba? Me ya sa suke ba mu labarin zamanin da kamfanoni ke zuwa har cikin jami'a su yi wa 'yan ajin ƙarshe intabiyu, mutum ya fito da takardar kama aiki biyu ko uku yana zaɓe, ga gida ga bashin mota? Ba ƙarya suke ba. An yi haka. Amma dalilan ba su da alaƙa da ƙwazonsu ko lalacinmu.

21/ Dalili na farko: manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda gwamnatin Sardauna ta kama gadan-gadan daga 1954. Tsarin a sarari yake: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ba. In babu, a ɗauko Bature na kwantiragi ya riƙe kujerar kafin a samu. Ɗan Kudu shi ne zaɓin ƙarshe. Wato kujeru ne ke jiran mutane su gama makaranta.

22/ Kuma mutanen ba su da yawa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 da ABU ta buɗe, ɗalibai 426 ne gaba ɗaya. Ɗari huɗu da ashirin da shida, don yankin da ya fi rabin Najeriya faɗi. Yau aji ɗaya na wani sashen sai ya kusa haka. Wanda ya gama Midil ta Zariya, wadda muke kira Alhudahuda yanzu, ya isa ya zama babban mutum a lokacin.

23/ Dalili na biyu ba mai daɗin faɗa ba ne, shi ya sa ba a cika faɗa mana ba. Rikicin 1966. An kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da nan Sabon Gari, sauran suka tsere. Reluwe, gidan waya, bankuna, kantuna, garejoji, duk suka wayi gari babu ma'aikata. Wasu daga cikin guraben "zamanin albarka" ta wannan hanyar suka buɗe. A riƙa haɗawa da wannan in ana ba da labari.

24/ Na uku: jihohi. 1967 Gowon ya raba Arewa gida shida. Sakatariya ɗaya ta zama shida: Kaduna, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori. Kowace na neman manyan sakatarori, injiniyoyi, likitoci, akantoci. 1976 Murtala ya ƙara Bauchi, Yola, Makurdi, Minna. Ina za a samo mutanen? Samaru da Kongo.

25/ Na huɗu: kuɗin fetur. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, korar ma'aikata fiye da 10,000 da Murtala ya yi a shekarar, wadda ta sake buɗe kujeru, sai shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da ya kwashi duk wanda ya iya riƙe alli.

26/ Ku duba jerin nan da kyau. Babu ko ɗaya da ya ƙirƙiri aiki a CIKIN Zariya, in ban da faɗaɗar ita jami'ar kanta. Duka ƙofofi ne na fita. Kuma kusan duka abubuwa ne da sau ɗaya suke faruwa. Ba za a sake korar Turawa ba, an riga an kore su. Wanda ya hau kujera yana ɗan shekara 26 a 1975, sai ya shekara talatin da wani abu a kai.

27/ Sai ƙofar ta fara rufuwa. Farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Gwamnatin soja ta 1984 ta rage ma'aikata. 1986 Babangida ya zo da SAP. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala a 1985 ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin shekara biyu. Masana'antar da ke sayo kayan gyara daga waje ta fara tari.

28/ A 1986 ɗin aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga mai hedikwata a Funtuwa. Manomi ya rasa tabbacin farashi da iri mai kyau, da yawa suka koma masara. Reluwe kuwa dama ta daɗe tana jan ƙafa. Ƙaramin layin Jos tun 1957 aka rufe shi. Ma'aikatan da a da ake ƙirga su da dubun-dubata a faɗin ƙasa suka koma 'yan dubbai, 'yan fansho suka fi masu aiki yawa.

29/ Ku je kwatas ɗin reluwe a Sabon Gari ku ga girman filin da yawan gidajen. Wannan duk albashi ne a da, kuma kowane albashi yana ciyar da mai nama, tela, mai gyaran keke, mai hayar ɗaki. Gwamnati da kanta ta san abin ya ɓaci, shi ya sa hukumar samar da aikin yi ta NDE ta fara aiki a 1987. Kafin nan ba a ga buƙatarta ba.

30/ Kaduna da ke shanye rarar mutanenmu ita ma ta durƙushe. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Atamfar fasa-ƙwauri, rashin wuta, tsadar baƙin mai. Waɗanda ke tafiya Kakuri suna aiko da kuɗi gida suka fara dawowa da katifa a ka.

31/ Amma makarantun ba su rage ɗauka ba. Ƙaruwa ma suka yi. Nuhu Bamalli ta zo a 1989, ga karatun difloma, ga na ƙarshen mako, ga digiri na biyu da na uku. Famfo a buɗe, magudana a toshe. Abin da muke iyo a ciki ke nan yau.

32/ Wani zai ce to ai jihohi an ci gaba da ƙirƙira. Haka ne. Katsina ta fita daga jikinmu a 1987. Dutse, Damaturu, Birnin Kebbi suka zama hedikwata a 1991, Gusau da Gombe a 1996. Dutse a lokacin ba ta kama ƙafar Tudun Wada da Sabon Gari ba, amma ta samu sakatariya, majalisa, babbar kotu, reshen kowace hukumar tarayya. Zariya ba ta taɓa zama hedikwatar jiha ba ko sau ɗaya.

33/ Ga kuma abin da ya ƙara tsananta: kowace sabuwar jiha 'yan asalinta take ɗauka. A 1970 Bazazzagi mai digiri zai iya samun aiki a Maiduguri don babu wanda zai yi. Yau kowace jiha na da jami'arta da nata zaunannun. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama katanga, kowa an kora shi gida.

34/ "To ba ga manyan ma'aikatun tarayya nan a garin ba?" Wannan ita ce tambayar da baƙi ke yi mana kullum. Bari in warware. Na ɗaya, na tarayya ne. Tun da aka kafa hukumar raba daidai a 1996, manyan guraben dole a watsa su ga jihohi 36 da Abuja. Ginin a unguwarku yake, amma layin na ƙasa baki ɗaya ne.

35/ Na biyu, ƙananan guraben da aka ware wa mutanen yankin, wato masinja, direba, mai shara, mai gadi, su ne gyare-gyaren zamanin Obasanjo suka cire daga tsarin albashi aka miƙa wa 'yan kwangila. A da mai shara a irin waɗannan wuraren yana da fansho, yana da asibiti, ɗansa na da makarantar 'ya'yan ma'aikata. Yanzu kamfani ne ke biyansa abin da ya ga dama.

36/ Na uku, kujerun ba sa juyawa. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, sauran ma'aikatan jami'a 65. Ban ce kuskure ba ne, ƙwararru ba su da yawa. Amma kowace shekara biyar da aka ƙara a sama, shekara biyar ce aka ƙara wa na ƙasa a layi.

37/ Mu yi lissafin misali, ba na wani sashe takamaimai ba. A ce sashe na da malamai 35, kowa zai yi shekara 35. Gurbi ɗaya ke nan a shekara. Sashen kuma na yaye mutum 200 duk shekara. Ko da mala'iku ne ke ɗaukar aikin, ba cin hanci ba sanayya, 199 za su koma gida. Makaranta ba za ta taɓa iya shanye abin da ta haifa ba.

38/ A nan ne alfarma ke shigowa. Gurbi ɗaya, mutum ɗari biyu, kuma gari ƙarami inda kowa ya san kowa. Kafin a buga sanarwa labari ya riga ya zaga masallacin unguwa da majalisar shayi. Mai ɗaukar aikin surukin wani ne, ɗalibin wani ne, maƙwabcin wani ne. A Legas za ka iya ce wa baƙo a'a. A nan wanda za ka ce wa a'a shi ne zai yi maka waliyyi gobe.

39/ Inda sanayya ta ƙare kuma kuɗi ya karɓa. A 2023 kwamitin majalisar wakilai ya zauna kan cinikin guraben aiki, mutane suka fito gaban kyamara suka ce sun biya miliyan ɗaya, wasu fiye. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda babu wanda ya yi mamaki.

40/ Girman layin kuwa, an gan shi ƙarara ranar 15 ga Maris 2014. Hukumar shige da fice ta nemi mutum ƙasa da 5,000, sama da rabin miliyan suka nema, kowa ya biya ₦1,000. Aka tara su a filayen wasa rana ɗaya, fiye da mutum goma suka mutu a turmutsutsu. Mutanenmu da yawa sun yi sammako zuwa Kaduna a ranar da farar riga da gajeren wando.

41/ A 2017 gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, ta ce za ta ɗauki 25,000. Sama da 40,000 suka nema. Ku tuna aikin nan ne a 1976 ake bin mutane gida-gida ana roƙon su karɓa.

42/ To da me garin ke rayuwa yanzu? Da ɗalibai. Hayar ɗaki a Samaru da Kongo, abinci, buga takardu da ɗaure furojet, gyaran waya, POS, keke, acaɓa. Mai digiri yana yi wa mai neman digiri hidima, shi ma ya gama ya buɗe shago kusa da nasa. Kasuwa ɗaya, masu sayarwa na ƙaruwa duk shekara.

43/ In kana son ganin raunin wannan tsarin, tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas. Ana ta maganar ɗalibai da malamai, kuma da gaskiya, amma mai tuwo-tuwo a Samaru da ɗan keken da ya ci bashin mashin ba su da ƙungiyar da za ta je Abuja ta yi magana a madadinsu.

44/ Akwai kuma tarkon zama a gida. A Zariya kana da ɗaki a gidanku, tuwon dare ba ya gagara, kuɗin mota kaɗan ne. A Abuja hayar ɗaki a Mararaba kaɗai ta isa ta kore ka. Don haka sai ka zauna ka karɓi abin da aka ba ka. Masu makarantu masu zaman kansu sun san haka sarai, shi ya sa albashin ba ya motsi. In ka ƙi, akwai goma a bakin ƙofa.

45/ Wannan ya fi faɗawa kan mata. Namiji zai iya ɗaukar jaka ya tafi Legas ya kwana a shagon abokinsa. Budurwa ko matar aure mai digirin kimiyyar haɗa magunguna ko injiniya, sau da yawa iyakarta inda keke zai kai ta ya dawo da ita kafin magariba. Duk faɗin ilimin nan sai ya matse a aji ɗaya na 'yan nazire.

46/ Duk lokacin da aka taso da maganar raba Jihar Kaduna, na kan ji matasanmu na murna, wai in muka samu sakatariya an gama. Za ta taimaka, ban musa ba, dubban albashi ba wasa ba ne. Amma ku tambayi 'yan Gusau da Dutse. Sakatariya sau ɗaya take cika, waɗanda suka shiga a shekarar farko sun rufe ƙofa sai bayan shekara 35.

47/ Ni abin da ya fi ba ni takaici shi ne Samaru. Shekara ɗari ana fitar da irin masara, dawa, gyaɗa, wake da auduga, kun san su da SAMMAZ, SAMNUT, SAMCOT. Shika na da kajin Shika Brown. Cibiyar fata na nan tun 1964. Wannan ilimin ne kaɗai a garin da ba sai an saka shi a mota an kai wani wuri ba kafin ya zama aiki, don gonakin suna nan kewaye da mu.

48/ Kamfanonin iri da na abincin kaji da ke kewayen garin sun nuna abin na yiwuwa. Amma 'yan ƙalilan ne, kuma wuta da hanya da tsaron ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari ba su bar su sun girma ba. Masarar Saminaka da Soba har yanzu a buhu take wucewa ta gabanmu zuwa Kudu, a sarrafa a dawo mana da ita a kwali.

49/ Sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Zariya zai bi. In ya kammala, mutum zai iya kwana a Tudun Jukun ya yi aiki a Kano ko Kaduna. Da yawa ma yanzu haka suke yi da mota, ku je Ɗanmagaji ko Kwangila da asubar Litinin ku ƙirga masu jakar goyo da takalmin ofis.

50/ Ina tattara wani abu, ku taimaka mini. In babanka, mamarka ko kakanka ya yi aiki a reluwe, kamfanin taba, gidan gurza, Gaskiya ko En'e a Zariya, ka tambaye shi abu uku ka ajiye mini a ƙasa: shekarar da ya kama aiki, takardar da ya nuna, da wanda ya kai shi. Ba sai ka sa suna ba.